Karcen da Fiddausi Ta Rufe da Leda

A wata unguwa da ke bayan tashar mota a Dutsin-Ma akwai wata mata mai suna Fiddausi, wadda maƙwabta ke kira Maman Khalil. Mace ce mai fara'a da sakin hannu, ba ta iya ganin baƙo ta bar shi da yunwa. Amma tana da hali guda da ya zame mata ƙarfen ƙafa: ba ta son a san akwai abin da ba ta da shi. In ta ari mayafi, a wurin biki nata ne. In aka rage mata hanya a mota, ta ce ta ƙanen mijinta ce. 'Yar Barkiya ce ta ƙasar Kurfi, aure ya kawo ta gari, kuma tun da ta zo ba ta da burin da ya wuce duk ranar da ta je gida a ce, "Lalle Fiddausi ta samu duniya."

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Dina, wadda ake kira Maman Boaz. Dina Kirista ce daga kudancin Kaduna. Aikin lantarki ya kawo mijinta Yunana garin, suka zauna har suka zama 'yan gida. Sana'arta ɗaukar hoto, kuma kasuwarta na ci, domin da yake mace ce tana shiga har ɗakin amarya da na mai jego, inda maza masu hoto ba su isa su taka ba. Tare da su ƙanwar Yunana take zaune, wata budurwa mai suna Vanessa da ke karatu a jami'a. Tsakanin Dina da Fiddausi kuwa babu shamaki. Gishiri, ashana, tukunyar biki, duk ta saman katanga ake miƙawa.

Kyamarar Dina baƙa ce mai nauyi. A bayanta akwai ɗan gilashi inda ake duba hoto da zarar an ɗauka, a ga ko ya fita ko sai an sake. Dina ta manna wa gilashin nan leda mai kauri, irin wadda ake sa wa fuskar waya don kada ta karce. Ledar ta sha hannu, ta yi dishi-dishi, har gefenta ya fara ɗagowa, amma gilashin da ke ƙarƙashinta ko ƙwarzane babu.

Da matar ƙanen Fiddausi ta haihu a Barkiya, sai tunanin kyamarar nan ya shiga ran Fiddausi ya ƙi fita. Ana gobe suna ta shiga gidan Dina, ta zauna a bakin tabarma, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta, wato aron kyamarar.

Dina ta ce, "Maman Khalil, kin san ita ce gonata, ita ce shanuna. Ban taɓa barin ta kwana a waje ba."

"Haba Maman Boaz, sai ka ce baƙuwa ce ke roƙonki? Kamar ƙwai zan riƙe ta."

Dina ba ta iya hana ta ba. Ta ɗauko kyamarar, ta saita ta yadda sai dai a danna kawai, ta nuna mata inda ake dannawa. Sannan ta ce, "Abu uku zan roƙe ki. Kada ki raba ta da jakarta. In gilashin ya yi datti, ga ƙyalle mai laushi a aljihun jakar, da shi kaɗai ake gogewa. Ledar nan kuma kada ki taɓa ta. Na san ta yi muni, amma muninta ne ke kare abin da ke ciki. In gilashin nan ya karce, kamar idona ne ya samu matsala."

Fiddausi ta ce ta ji, har da rantsuwa.

Amma da ta koma ɗakinta ta duba jakar, sai ta ga an ɗinka sunan Dina a jiki da jan zare, manya-manyan baƙaƙe. Ta san a Barkiya akwai masu karatu. Sai ta cire kyamarar, ta tura jakar ƙarƙashin gado da ƙyallen da komai, ta jefa kyamarar cikin jakarta ta hannu, wadda ke ɗauke da makullan gida da awarwaro da kwalbar turare.

Da safe ta hau mota zuwa Kurfi, daga can ta hau babur na kabu-kabu zuwa Barkiya. Ta iske gida cike da mata, ana ta tuƙa tuwo a manyan tukwane, ga ƙwaryar fura ana zagayawa da ita. Bayan gaishe-gaishe da barka, ta fito da kyamarar ta rataya a wuya. Nan take aka yo kanta.

Wadda ta fara magana ita ce Gwaggo Rekiya, ƙanwar mahaifinta, tsohuwa mai yawan zance wadda abin da ke cikinta shi ke bakinta. Ta ce, "Ke ɗiyata, wannan fa? Taki ce?"

"Tawa ce, Gwaggo. Baban Khalil ya sayo mani daga Kano."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Mata suka yi ta sa albarka. Fiddausi ta ji kanta ya yi girma.

Sai wata matar ɗan uwansu mai suna Mardiya, wadda ta taɓa zama a Katsina, ta leƙo ta ce, "Amma kamar ta hannu ce ko? Ga fuskarta duk ta dushe."

Maganar ta soki Fiddausi. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Wace ta hannu? Ledar kamfani ce ban cire ba." Ta sa farce a gefen da ya ɗago, ta ɓare ledar gaba ɗaya, ta yar a ƙasa. Gilashin ya fito yana ƙyalli kamar ruwan randa. Mata suka ce, "Kai! Sabuwa ce dal." Mardiya ta kau da kai.

Daga nan kowa sai ta ga hotonta. Kyamara ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, hannun da ya taɓa miya, da wanda ya kwashe toka, da wanda ya ɗauko yaro daga cikin rairayi. Duk lokacin da gilashin ya yi maiƙo, sai Fiddausi ta goge shi da bakin mayafinta, mayafin kuwa mai ƙananan duwatsu ne na ado. Da taro ya watse ta mayar da kyamarar cikin jakar hannu, ta yi matashi da jakar saboda tsoron yara.

Washegari kafin ta kama hanya, Gwaggo Rekiya ta yi kwalliya ta zauna a kan turmi ta ce a ɗauke ta ita kaɗai. Fiddausi ta zaro kyamarar, ta duba gilashin. Makulli ya ja dogon karce daga wannan kusurwa zuwa waccan, ga ƙanana birjik kamar kaji sun yi tono a kai.

Gwaggo ta miƙo wuya ta gani. Ta ce, "Subhanallahi! Sabon abu, jiya-jiya? Ai da kin bar mata ledarta."

Fiddausi ta ce, "Ba komai, Gwaggo. In ta lalace sai ya sayo wata."

A hanyar komawa ba ta san ramukan da mai babur ya faɗa ba, hankalinta na kan abin da za ta ce wa Dina. Da ta sauka a Kurfi, ta hangi wata rumfa da ake sayar da kayan waya. Ta nuna wa mai rumfar gilashin, ta ce ya samo mata ledar da za ta rufe wannan. Ya ɗauko wata mai duhu-duhu, ya yanka da almakashi daidai girman gilashin, ya manna. In kyamarar na kashe, ba mai cewa akwai wani abu a ƙasa.

Da la'asar ta mayar da kyamarar cikin jakarta ta asali, ta kai wa Dina tare da ƙullin gyaɗa da kuka na tsaraba. Ta iske Dina na wanki, hannunta duk kumfa.

"Ga amanarki, ki duba."

"Haba, duba me? Tsakanina da ke? Ajiye mani a kan gado. Yaya mai jego?"

Fiddausi ta fito tana jin kamar ta sauke dutse. Ba ta san yanzu ta ɗauke shi ba.

Ranar Lahadi Vanessa ta ɗauki kyamarar zuwa coci, inda ƙungiyar mawaƙansu ke da taro, kamar yadda takan yi lokaci-lokaci. A cikin ɗaki ta yi hotunanta, ba ta tsaya dubawa ba, ta dawo ta ajiye. Bayan nan Dina ta tafi aikin wani babban biki a cikin gari. A tsakar gida aka yi kamu, rana tsaka. Ta ɗauki hoton farko ta juya ta duba, ba ta ga komai ba sai duhu da zane-zane. Ta kare da tafin hannu, ta shiga inuwa, duk a banza. Haka ta yi ta dannawa a makance. Da aka wanke hotunan, amarya ta rufe ido a wasu, wasu sun yi hazo, na uwar amarya da ƙawayenta kuwa ko ɗaya bai fita ba. Uwar amarya ta faɗa wa Dina maganganu masu zafi a gaban mutane, ta ce ba za ta ƙara kiranta ba, kuma za ta gaya wa duk wadda ta sani.

Dina ta dawo gida ta ɓare baƙuwar ledar, ta ga abin da ke ƙasa.

Fiddausi na tankaɗen gari ta jiyo hayaniya ta saman katanga. Muryar Dina na cewa, "Ke ce ta ƙarshe da kika riƙe ta! Karcen bai dame ni ba kamar rufewar da kika yi. A gidana kike ci, kike sha, ki yi mani haka?" Muryar Vanessa kuma cikin kuka tana cewa, "Anti, na rantse da Allah ban taɓa ledar ba. Yadda na ɗauka haka na dawo da ita."

Fiddausi ta ajiye rariya. Ta yafa mayafi ta shiga, zuciyarta na ce mata yau sai ta faɗi gaskiya. Ta iske Vanessa durƙushe a bakin ƙofa, Yunana na tsaye ya rasa bayan wa zai bi, matarsa ko ƙanwarsa.

Dina na ganinta ta ce, "Yawwa, ga Maman Khalil. Ke shaida ce. Har ƙauye kika je da ita, ba lafiya lau kika dawo mani da ita ba?"

Duka ukun suka zuba mata ido. Gaskiyar ta zo har maƙogwaronta. Sai ta tuna yadda za a ji a unguwa, ta tuna mijinta, ta tuna rantsuwar da ta yi. Ta haɗiye.

Ta ce, "Lafiya lau na kawo ta."

Ba ta tsaya nan ba. Don kada shirunta ya tona ta, ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa wa Vanessa, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Sha ruwa, ƙanwata. In kuskure ne ki faɗa kawai, ai ba a kashe mutum don ya yi kuskure."

Vanessa ta ɗago ta dube ta da jajayen idanu, ta karɓi kofin. Kafin mako ya zagayo ta tattara kayanta ta koma ɗakin wasu ƙawayenta kusa da makaranta. Yunana ya daina cin abincin dare a gida. Gidan da kullum ake jin waƙa da dariya ya koma kamar an yi rasuwa.

Fiddausi ta rame a tsaye. In ta ji motsin Dina a bayan katanga, sai ta shige ɗaki. Ta yi ta aika mata da abinci, yau dambu, gobe waina, ko za ta ji sauƙi a ranta. Abin da ya fi ƙona ta shi ne godiyar Dina. Wata rana Dina ta riƙe hannunta ta ce, "Maman Khalil, wanda kuka haɗa gida ya cuce ka, wanda kuka haɗa katanga ya share maka hawaye. Allah ya bar mu tare." Fiddausi ta ce amin, ta koma gida ta kasa haɗa ido da kowa. Sau da yawa takan kai bakin ƙofar Dina da niyyar faɗa, sai ta ɓige da tambayar ko akwai ashana.

Ana nan, sai ciwon ido ya kawo Gwaggo Rekiya asibiti a Dutsin-Ma, ta sauka a gidan Fiddausi. Da yamma suna zaune a tsakar gida, Gwaggo na ɓare gyaɗa, sai Dina ta yi sallama. Ta dawo daga wani ɗan aiki ne, kyamarar na rataye a wuyanta, ga hotunan sunan Barkiya da ta wanke a hannunta.

Ta durƙusa ta gaida tsohuwa. "Sannu da zuwa, Mama. Ai na gane ki, ke ce a kan turmi."

Gwaggo ta yi dariya, ta karɓi hotuna tana kai su kusa da idonta mai lafiya. Sai ta lura da abin da ke wuyan Dina. Ta ce, "Af! Ɗiyata, ashe har aro kike ba da ita? Madalla, haka ake son mai abu." Ta juya ga Dina. "Ki riƙe mata da kyau, 'yar nan. Mijinta ya sayo mata daga Kano. Ita ce dai ba ta da hankali. Muna zaune ta ɓare ledar ta yar, wai don Mardiya ta ce ta hannu ce. Kwana ɗaya tal, makulli ya tsaga mata fuska. Mu gani, ko an gyara?"

Ta jawo kyamarar ta juya bayanta, ta bi karcen da ɗan yatsa. "Ga shi nan kuwa, yadda na gan shi da safen nan."

Fiddausi ta ji kamar an kwance mata zane a tsakiyar kasuwa. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Dina ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, ba fushi a fuskarta, sai wani abu da ya fi fushi ciwo.

A hankali ta ce, "Maman Khalil, a gabanki yarinyar nan ta durƙusa."

Fiddausi ta sunkuyar da kai.

Dina ta ce wa tsohuwa, "Mama, Allah ya ƙara sauƙi." Ta miƙe ta fita.

Gwaggo ta bi ta da kallo, ta dawo kan Fiddausi. "Ke, me na faɗa? Ba taki ba ce?"

Nan Fiddausi ta fashe da kuka, ta faɗi komai, tun daga jakar da ta tura ƙarƙashin gado har kofin ruwan da ta miƙa wa Vanessa. Gwaggo Rekiya ta ajiye gyaɗar hannunta. Daga baya ta ce, "Mu da muka yi maki guɗa, kin ɗauka don ƙarfen nan muka yi? Ko hannu wofi kika zo, ke muke murnar gani. Yanzu ga shi kin sa ɗiyar mutane ta bar gidan ɗan uwanta a kan abin da ba ta ji ba, ba ta gani ba. Tashi. Ba ni za ki yi wa kuka ba."

Da mijinta Malam Audi ya dawo ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya sa hularsa ya tafi wurin Yunana, ya tsaya a ƙofar gida kansa a ƙasa yana ba da haƙuri a kan laifin da bai san da shi ba. Shi ya kai kyamarar Kano aka sake mata gilashi. Wannan shi ne mai sauƙin gyara.

Washegari Fiddausi ta nemi ɗakin da Vanessa ke zaune. Ta same ta tana wanke kwanuka a bakin famfo, ƙawayenta na kusa. A gabansu Fiddausi ta durƙusa, ita da ta girme ta nesa ba kusa ba, ta ce, "Ni ce na karce ta, ni ce na rufe. Ki yafe mani don Allah."

Vanessa ta ci gaba da cuɗa kwanon da ke hannunta. Can ta ce, "Anti Dina ta zo jiya, ta yi kuka, na yi kuka. Ita ba ta sani ba, shi ya sa nata bai yi mani zafi ba. Ke kuwa kin sani, Maman Khalil. Kin sani kika ce in faɗi gaskiya." Ta ɗauraye kwanon ta kife. "Na yafe. Ki tashi, mutane na kallo."

Fiddausi ta tashi, ta kamo hanya. Tafiyar da ba ta da nisa ta zame mata kamar daga nan zuwa Kurfi a ƙafa, tana jin kamar kowa a titi ya san abin da ta yi.

Vanessa ba ta koma gidan yayanta ba sai bayan ta gama zangon karatu. Matan da suka daina kiran Dina aiki, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Dina ba ta taɓa faɗa wa kowa a unguwa ba, kuma ba ta daina gaida Fiddausi ba. Amma gaisuwar ta koma ta bakin ƙofa, ina kwana, lafiya lau, kowa ta wuce.

Da Kirsimeti ta zo, Fiddausi ta tabbata bana ba za ta ga komai daga maƙwabta ba. Sai ga sallama da hantsi, an aiko da babban kwano. Ta buɗe ta ga shinkafa da kaza, har da cinyar da Dina ta san ita take so, an ɗora ta a sama. 'Ya'yanta suka zauna suka ci suna santi. Fiddausi ta ɗebi loma ɗaya ta kai bakinta. Ta ajiye cokali, ta juya fuskarta ga bango don kada yara su gani.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kayan aro amana ne, kuma sharaɗin da mai abu ya gindaya yana da dalili ko da ba ka gane shi ba. Ledar da Fiddausi ta raina don ta tsufa ita ce ke tsare da abincin wani gida. Wanda ke ƙawa da abin da ba nasa ba, ƙarya ɗaya ba ta isarsa, sai ya ƙara wata ya tallafe ta. In ka yi ɓarna, ka faɗa da bakinka tun tana ƙarama, domin kunyar rana ɗaya ce. In ka rufe, ba gyarawa ka yi ba, wani marar laifi ka ɗora wa, kuma ranar da asiri ya tonu za a iya sake gilashi, amma yardar da aka yi maka ba a sayar da ita a kasuwa.